Lemon da Auta Ta Dasa

Malam Ɗigo bai taɓa iya zama ba. Ko a wurin aiki, jaka ake ɗora wa kujerarsa. Shekara talatin da uku ya yi a ɗakin gwaji na ma'aikatar ruwa, a tsaye gaban wani dogon tebur mai farin tayil, kwalabe jere a gabansa, kowace da 'yar takarda manne a jikinta: daga wane tanki aka ɗebo, ƙarfe nawa, wa ya ɗebo. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗiga magani a cikin ruwan yana kaɗa kwalbar har launi ya juya, sannan ya rubuta ko ruwan ya cancanci a sake shi ga mutanen gari. Idan sabon ma'aikaci ya yi garaje ya saki ɗigo biyu a tare, sai ya karɓe kwalbar ya tuntsurar, ya ce a sake daga farko. Nan ya samo sunan. Sunan ya biyo shi har gida, har ta kai matarsa ma, in tana ba ƙanwarta labarinsa, da shi take kiransa.

Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne a bakin kasuwa. A cikin duwatsun awo ya yi rarrafe, kuma tun yana ƙarami ya sha ganin mutum na rantsuwa har da hawaye cewa sikelinsa daidai yake, a ɗora dutse a ga ba haka ba. Saboda haka ya tashi bai yarda da “an ce” ba. Shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Ya karanta kimiyyar sinadarai, ya auri wata malamar firamare da kowa ke kira Malama, suka haifi maza biyu a jere. Sai da aka yi shekara tara, har sun cire rai, sannan mace ta zo. Auta ake ce mata, ɗaya sunan kuwa takardun makaranta kaɗai suka san shi.

Ita kaɗai ce a gidan ke iya tsayar da shi wuri ɗaya, ita ma da gardama take yi. Tana shekara ta biyu a jami'a, wata Asabar ta shigo rungume da dashen lemo a baƙar leda, ƙasa ta ɓata mata gaban riga. Ta wuce kai tsaye ɗan filin da ke bayan kicin, tsakanin tagar wanke-wanke da katanga, ta hau haƙa rami da tsohuwar fartanya.

“Kin matse shi da katanga,” in ji shi. “Ki matso taku ɗaya.”

“Nan ne ƙasar ke da laushi, Baba. Lemon zaƙi ne fa. Mai dashen da ke gaba da gada ta ce zaƙinsa har kai yake hawa.”

“Ke kin sha?”

“Yo ina zan sha, ko fure bai yi ba?”

“To ba ki sani ba ke nan. An dai gaya miki.”

“Kai Baba! Komai sai an sa a kwalba?” Ta share gumi da bayan hannu, ta bar layin ƙasa a goshinta. “Shekara uku na ba ka. Za ka sha, kuma a gaban Mama za ka ce na yi gaskiya.”

Shekara ba ta zagayo ba ƙodarta ta fara ciwo. Wata goma sha huɗu suka yi suna zirga-zirgar asibiti, wankin ƙoda sau biyu a mako. Ya san sunan kowane gwaji da aka yi mata, yana karanta takardun kafin likita ya karanta, kuma ya san abin da lambobin ke faɗa tun kafin a kira su ofis. A cikin wannan hali takardar ritayarsa ta zo, ko buɗe ta bai yi ba sai daga baya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da biyu.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, yayyenta suka koma garuruwan da suke aiki, gidan ya yi masa yawa. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya sauke labule ya sake ratayewa. Ya fita ya dawo ya sake fita. Wata safiya ya zagaya bayan kicin neman tsintsiya, sai ya ci karo da dashen. Wata goma sha huɗu ba wanda ya ba shi ko kofi ɗaya na ruwa. Samansa ya bushe ƙayau kamar sandar makiyayi, amma daga can ƙasa, dab da turɓaya, wasu toho guda uku sun ɓullo, kore shar, da ƙayoyi dogaye. Ya daɗe a tsugune. Daga nan ya tashi ya ɗauko bokiti.

Tun daga ranar ya samu wurin zuwa. Ya yi wa gindin kewaye, ya samo takin kaji ya bar shi ya huce kafin ya zuba, ya karanta duk takardar da ya samu a kan noman lemo. Tohon nan uku suka miƙe kamar ana jan su da igiya. Cikin shekara uku sun zama rassa masu kaurin cinya, sun wuce katanga, inuwarsu ta rufe tagar kicin. Akwai kuma wani siririn reshe a ta jikin katanga, karkatacce, mai ganye ɗaiɗai masu launin ɗorawa. Takardun da ya karanta sun ce raunanan rassa cin abinci kawai suke yi, ba su ba da komai. Ya so ya cire shi daga tushe, amma tsakanin bishiyar da katanga hannu ba ya shiga sai ƙaya ta karɓi rabonta. Don haka duk shekara yakan zura almakashi ya datse iya abin da ya iya kaiwa.

A shekara ta huɗu bishiyar ta yi 'ya'ya, ba kaɗan ba. Ranar da ya tsinko na farko ƙanwar Malama tana gidan, wata tela mai baki kamar reza, wadda tun ranar aurensu ba ta taɓa raga masa ba. Ya wanke lemon, ya yanka huɗu a faranti, ya miƙa wa kowa. Telar ce ta fara kaiwa baki. Idonta ɗaya ya rufe, kafaɗunta suka haɗe da kunnuwa.

“Mijin Yaya! Wannan lemo ne ko ruwan batir? Wallahi haƙorana sun mutu, ko zare ba zan iya tsinkewa da su ba yau.”

Malama ta lasa, ta ajiye nata a gefen faranti. Shi kuwa ya shanye nasa tas, tsami da ɗaci suna bin juna a maƙogwaronsa, ya ce, “Haihuwar fari ce. Kuma na yi saurin tsinka.”

Da ma a ce tsamin ne kawai, da ya haƙura, don shi ba mai son zaƙi ba ne, ko shayi ba ya sa wa sukari. Abin da ya hana shi sukuni shi ne gardamar nan da ba a ƙarasa ba. Yarinya ta ce za a sha zaƙi, shi ya ce ba ta sani ba. Yanzu kowane lemo da ya yanka sai ya fito ya goya masa baya, shi kuma ba abin da yake nema a duniya kamar a kayar da shi.

Ya shiga neman magani. Mai askinsa ya rantse masa cewa ruwan sukari ake zubawa a gindi. Ya san maganar banza ce, ya san saiwa ba ta shan sukari ta kai wa ɗa, amma ya jiƙa rabin kwano ya zuba da sassafe kafin Malama ta fito. Kwana biyu tururuwa ta mamaye bayan kicin har ta hau taga. Wani direba maƙwabcinsu ya ce a kafa wa bishiyar ƙusoshi masu tsatsa. Wannan kam ya riƙe guduma ya kasa. Ya koma ga abin da ya sani. Ya auna tsamin ƙasar da takardun gwaji, ya zuba toka, ya binne ɓawon ayaba, ya sa takin zamani da cokali. Ya shafa wa manyan rassan nan lamba da farin fenti, ɗaya, biyu, uku. Na ɗaya ya rage masa 'ya'ya tun suna ƙanana, don waɗanda suka rage su samu abinci. Na biyu ya buɗe masa sama rana ta shiga. Na uku ya bar 'ya'yansa a jiki har suka fara faɗowa da kansu. Ya rage ruwa wata shekarar, ya ƙara a ta gaba. Duk wanda ya yanka sai ya matse a kwalba, ya tsoma takarda, ya ɗanɗana, ya rubuta. Lamba ɗaya tsami, lamba biyu tsami, lamba uku tsami da wari.

Malama ta mayar da lemon abin goge tukwane. Telar kuwa in ta shigo, kafin ta gaishe shi take tambaya, “Ya masu jiki? An sallamo lamba biyu?”

A shekara ta uku ta tsami ya rame har wandonsa na zamewa. Yakan bar abinci a rabi ya zagaya baya, ya dawo, ya sake tashi. Wata rana da rana tsaka Malama ta leƙo ta taga ta same shi yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ta yi tana kiransa Baban Auta. Tun bayan rasuwar ta koma ce masa Malam.

“Malam, abincinka ya huce sau biyu. Ka bar bishiyar nan ta huta, kai ma ka huta. In ba za ta yi ba, a sare ta kowa ya samu lafiya.”

Ya ci gaba da juya ganyen. Amma maganar sarewar ta tsaya masa a rai, ta tura shi inda ya shekara shida yana kauce wa. Ya san inda mai dashen take, ya sha wucewa ta gadar yana kau da kai. Tsoronsa kada ya je a tabbatar masa cewa an cuci yarinyar, an ga ɗaliba ce an liƙa mata abin da aka ga dama. Washegari ya shirya kayansa kamar mai zuwa kotu: lemo uku a leda uku, kowace da lambarta, ƙasa a kwalba, ruwan famfo a wata kwalbar.

Lambun dashen a gefen titi yake, ƙarƙashin rumfar raga, baƙaƙen ledoji jere ɗaruruwa. Mai Dashe mace ce da ta manyanta, gajera, tana sanye da takalmin roba, hannayenta sun yi kaushi kamar ɓawon itace. Ya jera mata kayansa a kan wani benci, ya yi bayani tiryan-tiryan, da shekara da wata. Ya kwatanta mata Auta: doguwa, mai tabarau, mai yawan tambaya.

“Allah ya jiƙanta,” in ji ta. “Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, ban tuna ta ba. Masu tabarau da yawa sun tsaya a nan.”

Ta ɗauki lemon lamba biyu ta murza ɓawon da babban yatsa, ta sunsuna, ta gatsa ta tofar. Ko kallon kwalaben ba ta yi ba.

“Ina ganyen?”

“Wane ganye?”

“Ka kwaso ƙasa, ka kwaso ruwa, saura iskar gidan kawai, amma ba ka tsinko ganye ɗaya ba?” Ta goge hannu a zaninta. “Ni ban taɓa sayar da wannan a matsayin lemon zaƙi ba. Amma na san shi, ni nake shuka shi. Mu je in gani da idona.”

A tasi suka tafi, tana gaba, shi yana baya rungume da kwalabensa. Da suka isa ta gaisa da Malama a tsaitsaye ta wuce baya. Ba ta ɗaga kai ta kalli rassan ba. Gwiwa ta sa a ƙasa, ta share busassun ganye da toka da hannu, har ta tono tsohon kututturen da ke tsakiyar rassan uku. Ta kama yatsansa kamar na yaro ta ɗora a kan wani kumburi da ya zagaye kututturen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.

“Ka ji wannan gaɓar? Nan na yi masa aure. Dashen lemo bishiya biyu ce a leda ɗaya, Baba. Na ƙasa lemon ɗaci ne, shi ke da saiwa mai jure wahala, amma ɗansa ko akuya ba ta ci. Sai mu tsaga ɓawonsa mu sa idon lemon zaƙi mu ɗaure. Duk abin da ya fito sama da gaɓar nan zaƙi ne. Duk abin da ya fito ƙasa da ita, cire shi ake yi tun yana toho. To dubi inda naka suka fito.”

Ya duba. Lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, duk daga ƙasan gaɓar suka taso.

“Da ƙishi ya kashe saman, na ƙasan ya samu sarari. Kai kuma ka zo ka yi masa gata.” Ta tsinko ganye ta nuna masa. A wuyan ganyen akwai wani ɗan faffaɗan ganye kamar kwalar riga. “Ga shaidarsa nan, ga kuma ƙaya kamar basilla. Ko zuma za ka riƙa zuba masa, abin da zai haifa ke nan.”

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta cusa kai tsakanin bishiyar da katanga. Ta daɗe a ciki. Muryarta ta fito daga cikin ƙaya.

“Ikon Allah. Akwai saura. Ga reshe ɗaya nan sama da gaɓa, da ransa.” Ta fito da ganye ɗaya a hannu, siririn wuya, ba kwala. “Amma wane mara tausayi ne yake aske shi? Duk jikinsa tabon almakashi ne.”

Malama tana tsaye a taga, soso a hannu. Can Malam Ɗigo ya ce, “Ni ne.”

Mai Dashe ta kalle shi, ta kalli tagar, ta sassauta murya. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, ta kawo ido daga wata bishiyar zaƙi ta ɗaura wa manyan rassan nan, cikin shekara biyu ya sha lemo har ya raba wa maƙwabta, wannan ba ta shakka. Ta biyu, a sare manyan duka, biyu yanzu, ɗaya in reshen ya yi sabon ganye, a bar wa siririn nan saiwar gaba ɗaya.

“Zai rayu?”

“Ban sani ba. Shekara shida yana cikin duhu ana yanka shi. Rana ma kaɗai tana iya ƙona shi.”

“Idon da za ki kawo, na bishiyar da kika yanko wannan ne?”

“Waccan ta mutu tuni. Amma baki ba ya bambancewa, Baba.”

“Ni zan sani.”

Ya ɗauka Malama za ta yi murna, tunda ita ta fara kawo maganar sara. Da ya dawo daga raka baƙuwar ya same ta a kicin ta juya wa ƙofa baya.

“Ba za a sare ba,” ta ce.

“Ke kika ce a sare.”

“Na faɗa ne don ka ci abinci.” Ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita. “Shekara shida ina wanke-wanke ina kallon bishiyar nan. Yau wata ta zo da takalmin roba ta ce ba ta 'yata ba ce? Da na sama da na ƙasa, a leda ɗaya ta rungumo su. Hannunta ne ya sa saiwar nan a rami.”

“Ba shi ta ce za mu sha ba.”

“To sai ka sare mai rai saboda wanda bai fi tsinke ba? In ya mutu fa? Me zan kalla, katanga?”

Tambayar da shi ma yake yi wa kansa ke nan. Kwana tara ya yi yana safa da marwa. Ya ari zarto a wurin kafinta ya mayar, ya sake arowa. Ya je gada ya tsaya daga nesa ya juyo. Ya cusa kai a jikin katanga ya ƙirga ganyen reshen, goma sha ɗaya, ya fito da kunne yana jini. Abin da ya fi ci masa rai ba saran ba ne. Tabon almakashin nan ne, guda shida, da ya shafa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk shekara abin ya yi ƙoƙarin fitowa, duk shekara shi ya mayar da shi.

A rana ta goma da safe Malama ta fito da mayafi da jaka.

“Zan wuni wurin ƙanwata. Ba na son in ji ƙarar zarto.” Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. “Ka sa riga mai dogon hannu. Kuma ka ɗaure su da igiya su faɗo ta tsakar fili. In ka danne shi da kanka, kada ka bari in dawo in same ka.”

Bai kira kowa ba. Ya kife tsohon bokiti mai fasasshen gindi a kan reshen, ya ɗaure lamba ɗaya da igiyar shanya ya ja ta zuwa ƙarfen taga, ya fara. Itacen lemo tauri gare shi, zarton yana cijewa, shi kuma shekara sittin da shida. Kafin na farko ya faɗi, rigar ta jiƙe ta manne masa. Na biyun ya yi masa gardama, ya juya a kan igiya ya nufi katanga. Ya saki zarto ya tare shi da kafaɗa, ƙayoyi suka shige ta cikin riga, ya tura da iyakar ƙarfinsa har ya kwanta inda ake so. Ɗanyun lemo suka watse ko'ina a filin. Ya ɗaga bokitin. Ganye goma sha ɗaya, ba wanda ya faɗi. Ya shafe wuraren saran da shi kansa reshen da farar ƙasa kamar yadda aka gaya masa, saboda rana.

Da la'asar Malama ta dawo tare da telar. Haske ya cika kicin har yana kashe ido. Malama ta kalli tagar sau ɗaya ta ja labule. Telar ta buɗe baki, ta ga bayan rigarsa da ɗigon jini, ta rufe. Sai da ta ɗauko auduga da ruwan ɗumi sannan ta ce, “Juyo, mijin Yaya. Shekara arba'in ina neman dalilin soka maka allura, ga shi bishiya ta riga ni.”

Umarnin Mai Dashe gajere ne, shi ya sa ya yi masa wuya. Ruwa sau ɗaya a kwana biyar. Ba taki, ba toka, ba almakashi. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓa a murje shi da yatsa. Ban da wannan, a ƙyale shi. Mako na biyu ganyen suka fara zuba. Bakwai, huɗu, biyu. Kututturan da aka sare kuwa kullum sai sun fesa sabon toho, kore shar, mai ƙoshin lafiya, shi kuma ya tsuguna ya murje, alhali wanda yake so ya yi tsirara kamar waya. Malama ba ta ce “na faɗa maka” ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Sau uku yana cika bokiti a ranar da ba ta ruwa ba, ya kai har wurin, ya juyo ya yi wanki da ruwan.

A mako na shida wasu 'yan ƙuraje suka tsattsafo a jikin reshen, dab da tsofaffin tabon. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Da suka buɗe suka zama ganye, ya duba wuyan kowanne. Ba kwala. Bayan damina ya sare lamba uku.

Shekara biyu da rabi aka ƙara. Bishiyar ba ta yi kyau ba, ta karkace gefe ɗaya kamar mai ciwon baya, tsayinta bai wuce kafaɗarsa ba. Ta yi fure, ta ɗaura 'ya'ya bakwai, huɗu suka zube. Ukun da suka rage ya kusa cinye su da ido. Tun da suka fara sauya launi yake kai hannu, Malama na buga masa taga da cokali. Mai Dashe ta ce launi ba ya nuna komai, a bari sai ɓawo ya yi santsi, ɗan ya yi nauyi a tafin hannu, kuma lemo in an tsinke shi ba ya ƙara zaƙi ko na ɗigo. Ya ƙara mako biyar yana auna su a hannu safe da yamma.

Ranar da ya tsinko ɗaya, su biyu ne a gidan. Ya ɓare da hannu a tsaye, ya raba biyu, ya miƙa mata rabi. Ta karɓa ta riƙe, tana jiransa. Ya sa ɓari ɗaya a baki.

Ba irin zaƙin nan ba ne mai hawa kai. Bishiyar yarinya ce, ruwan da ɗan tsami-tsami a ƙarshe. Amma zaƙi ne, ba mai musu. Ya tauna a hankali har ya haɗiye. Ya juya ya dubi Malama ya ce:

“Ta yi gaskiya.”

Malama ta gyaɗa kai. Ta cinye nata har da farin zaren jiki, ta lashe yatsa, ta goge ido da gefen mayafi.

“Saura biyu,” ta ce. “Yayyenta.”

“Garin da babban yake tafiyar kwana ɗaya ce a mota. Zai bugu a hanya.”

“Lemo ne fa, Malam, ba ƙwai ba.”

“Sai an naɗe kowanne a jarida, an sa a kwali, an huda kwalin. Kuma ba a but ɗin mota za a sa ba, zafi zai dafa shi.”

“To zauna ka ƙarasa naka tukuna.”

Amma ya riga ya shige ɗaki, sauran lemon a hannu, tana jin shi yana jan akwatuna daga ƙarƙashin gado, yana tambayar inda aka kai kwalin takalminsa.